Wane littafin girki zan saya?

'Yar uwa, kin ce kina aiki, ga yara uku, hannunki bai faɗa da girki ba, kina neman littafin girki mai sauƙi.

Kafin ki biya kuɗi, buɗe shi a gaban mai shago ki duba awo. In da gwangwani, ludayi da cokali ake auna komai, ya yi. Mai giram da mililita, ko wanda kusan kowane shafi sai an gasa a obin (oven), ki bar shi, ba don gidan da ake fama da wutar lantarki aka rubuta shi ba. Ki nemi wanda ya fara da dafa-duka, wake da shinkafa, faten doya, ɗan wake. Kuma ya gaya miki alamar nuna, misali miyar tumatir sai mai ya taso sama, tsamin ya fita, ba kawai "a dafa minti 20" ba, don risho da gas ba ɗaya suke ci ba.

Ranar Asabar ki markaɗa tumatir, tattasai, attaruhu da albasa da yawa, ki tafasa har ruwan ya ƙone, ki raba a robobi cikin firiza. Ranar aiki, sai dai ki dafa shinkafa ko taliya.