Yaushe ake daina ƙari a saƙar hular sanyi?

'Yata, kin ce kin gwada kan yaron ya ba ki inci 20, kin fara daga tsakiyar kai kamar yadda na nuna miki, amma da aka sa masa hular sai ta zubo har kan hanci. Kina so ki san inda ya kamata ki tsaya da ƙari, wato ƙara yawan maɗauki a kowane zagaye. Na auna faifan hular da kika kawo, faɗinsa inci 7 ne cif. Nan matsalar take.

Saman hula faifai ne, daga cibiya yake buɗewa. Da kwarashi, zagayen farko ki sa dogon maɗauki (wanda ake naɗa zare a kwarashi kafin a soka) 12, na biyu 24, na uku 36, kowane zagaye ki ƙara 12. Idan kin ga yana lanƙwasowa kamar ƙoƙo tun da wuri, ƙarin ya yi kaɗan ko hannunki ya matse. Idan bakinsa yana tattarewa ya ƙi kwanciya a tabarma, ya yi yawa. Ki warware nan take, kada ki ce zai gyaru a gaba.

Kewayen faifai ya ninka faɗinsa sau 3 da ɗan ɗoriya, wato 3.14. Naki mai inci 7 hular inci 22 ya haifar, ta babban mutum ke nan. Sannan zaren ulu yana miƙewa, don haka ba a saƙa hula daidai da awon kai. Ki cire inci 1 ga yaro, wajen 2 ga babba. Na yaron nan 20 ya koma 19, ki raba da 3.14, ya ba ki inci 6. Ki shimfiɗa faifan, ki ɗora tef ta tsakiyarsa ba tare da kin ja ba. Da ya kai 6, ƙari ya ƙare.

Daga nan maɗauki ɗaya a kan ɗaya za ki riƙa bi. Zagaye biyu ko uku na farko za ki ga kamar ba abin da ya canza, kada hankalinki ya tashi, da kansa zai rusuno.

Abin da ya sa nake son farawa daga sama shi ne aikin yana hannunki kina gwada shi a kan mai shi. Ki sa a kawo miki yaron in kin yi rabi. Tsawon kuwa ki auna daga tsakiyar kai zuwa ƙasan kunne, don a hunturu kunnen uwa take so a rufe. In mace ce babba, ki tambaye ta ko a kan kitso za ta sa, ki auna da kitson a kanta.

Wannan ba sai kin warware duka ba. Ki ja zaren har faifan ya dawo inci 6, ki ci gaba daga nan, gobe ki kawo in gani.