"Da muguwar rawa gara ƙin tashi" da tiyatar cire ƙoda

Wata baiwar Allah ta turo tambaya, ta ce likitoci sun gano ciwon daji a ƙodar yayanta sun ce a cire, dangi sun ƙi, suna cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi, wai da zarar wuƙa ta taɓa daji sai ya fantsama a jiki. Tana so ta ji ko karin maganar ta dace a nan.

Malama, Allah ya ba shi lafiya. Abin da karin maganar ke nufi shi ne in aikin da za ka yi zai fito a lalace ya jawo maka kunya ko ɓarna, gara ka zauna. To amma duba, wanda ya ƙi tashi a dandali ba abin da ya rasa, shi ko mai daji zamansa ba ya hana ciwon girma, don haka ni dai ban ga ta dace ba ko kaɗan.

Daji, sankara, kansa, duk cuta ɗaya mutane ke nufi. Na ƙoda jini yake bi da hanyoyin kaluluwa ya tafi huhu, ƙashi, hanta, wani sa'in ƙwaƙwalwa. In bai wuce ƙoda ba cirewar ita ce babban magani kuma da yawa suna warkewa, in ƙarin bai kai santimita 4 ba ma galibi wurin kawai ake yankewa a bar sauran, kuma ƙoda ɗaya lafiyayya ta ishi mutum. Abin da ke ruɗa jama'a shi ne a yi wa mutum aiki, bayan wasu shekaru a ga abin a huhu sai a ɗora wa wuƙa laifi, alhali ƙwayoyin cutar sun riga sun fita tun kafin aikin, ƙanƙantarsu ce ta sa hoto bai kama su ba. Nan ne "an kashe maciji ba a sare kansa ba" take zama daram, shi ya sa ake ci gaba da ɗaukar hoto shekaru bayan aiki.

In ya riga ya bazu magana ta canza. Binciken CARMENA da aka jagoranta daga Faransa, wanda ya fito a 2018, ya nuna maganin sunitinib kaɗai bai gaza tiyata haɗe da maganin ba ga waɗanda cutar ta yi wa nisa, don haka ba kowa ake cire wa ba. Ku koma wurin likitan tare da manyan gida, ku tambaye shi mataki na nawa cutar ta kai, da abin da hoton ƙirji ya nuna.