Zuwa ga ƙanina mai shirin kawo iyalinsa Ingila: yadda dogon hutu yake da ƙananan yara

Assalamu alaikum, ƙanina. Saƙonka ya iso, na saurare shi har ƙarshe, kuma na ga ya fi dacewa in amsa maka a rubuce a inda wasu za su gani, domin ba kai ne na farko daga ƙasar Gumel da ya kawo mini wannan tambaya ba, kuma na gaji da amsa ta guntu-guntu a waya tsakanin aiki da girki. Ka ce Allah ya ba ka gurbin karatun digiri na uku da tallafin gwamnati, kana so ka taho da matarka da yaranku uku tun tafiyar farko, kuma abin da ya ƙara maka ƙarfin gwiwa shi ne hotunan 'ya'yana a bakin tekun Blackpool waɗanda na aika wa Inna bara. Ka ce kana so naka ma su buɗe ido, su daina yini cikin turɓaya. Ina taya ka murna, Allah ya sanya albarka. Amma maganar turɓayar nan ta sosa mini rai, domin ta nuna mini ba ka san darajar abin da yaranka suke da shi a hannu ba.

Makarantun Ingila suna rufewa ne a ƙarshen watan Yuli, su koma a farkon Satumba, wato kusan mako 6, daidai lokacin da damina ta zauna a wajenku, gero ya rufe mutum, kududdufai sun cika. Ka tuna yadda yinin yaro yake a gidanmu a irin wannan lokaci. Yana shan koko zai fice, ya bi yayyensa kai abinci gona, ya taya su koro awaki, ya yi langa a gindin darbejiya, yunwa ta kama shi a gidan Goggo a zuba masa, idan ya yi ba daidai ba duk babban da ya gani ya tsawata masa, da daddare kuma ga dandali idan akwai farin wata. Uwarsa tana daka tana wanki hankalinta kwance, saboda ta san ɗa na kowa ne. To, a nan ɗa naka ne kai kaɗai, kuma wannan ce magana mafi nauyi da zan faɗa maka. Yaro ɗan shekara 6 irin babbanka ba ya taka ƙofar waje sai da babba a gefensa. Dokar ƙasar ba ta yanke shekarun da za a iya barin yaro shi kaɗai ba, amma laifi ne a bar shi a halin da zai iya cutuwa, kuma maƙwabci ba zai zo ya yi maka magana ba, hukuma zai kira. Na san wata baiwar Allah 'yar ƙasarmu da ta bar yaranta suna barci ta leƙa kanti sayen madara, abin da ko a ranta ba ta ɗauke shi laifi ba, sai ga jami'an kula da yara sun shafe watanni suna zirga-zirga a gidanta suna tambayoyi suna rubutawa. Ba a karɓe mata su ba, alhamdu lillahi, amma har yau idan aka ƙwanƙwasa ƙofa sai gabanta ya faɗi.

Saboda haka duk fitar da yaro zai yi, ko da zuwa lilo ne a bayan layi, sai wani babba ya ajiye aikinsa ya bi shi. Ka tambayi kanka wane ne wannan babban. Mai digiri na uku ba ya samun hutun 'yan firamare, bincikensa ba ya tsayawa don yara sun zauna a gida, kuma idan tallafin ya yi jinkiri ko bai isa ba, dole ka nemi ɗan aikin da bizar ɗalibi ta yarda da shi, wanda bai wuce awa 20 a mako ba. Matarka ce za ta rage da goyo a baya da biyu a ƙasa, a ɗakuna biyu a saman bene, ba Inna, ba Goggo, ba ƙanwar da za a aika. Gwamnati tana ba kowane yaro ɗan shekara 3 da 4 awa 15 a mako kyauta a makarantar raino, kuma na tsakiyarku zai samu, sai dai lissafin na mako 38 ne a shekara, don haka yawanci a dogon hutu babu shi.

Ni na yi wannan zaman, kuma na san ɗacinsa. A gidan hayarmu na farko, mutumin da ke ƙasanmu ya dinga dukan silin da sanda duk lokacin da yarana suka yi gudu, har ya kai ƙara wajen mai gidan aka rubuto mana takardar gargaɗi. Na dinga yini ina hana yara masu lafiya tsalle, ina cewa a taka a hankali, su kuma suna kallona ba su san laifin da suka yi ba. A daidai wannan lokacin ne ake bugo mini waya daga gida ana cewa ni na huta, na samu duniya, in turo na taki. Ban taɓa ƙin turawa ba idan ina da shi, amma ba wanda ya taɓa tambayata yadda nake yini.

Yanzu ga labarin hoton da ka gani. Daga Manchester, garin da muke zaune, zuwa Blackpool tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintoci a jirgin ƙasa, amma tun dare ake fara shirinta. Sai na dafa dafa-duka na zuba a kula, na soya fanke, na haɗa zoɓo, domin abincin bakin teku yana da tsada kuma ba kowanne ne halal ba. Ko alewa ce sai ka karanta bayan ledarta, saboda da yawa ana haɗa su da wani sinadari da ake samu daga alade. Sai kayan canji, da rigunan ruwan sama, da keken jariri, da dardumar salla, duk a hannun mutum ɗaya ko biyu. Ruwan tekun nan ko a watan Agusta sanyi gare shi kamar ruwan randa da hunturu, yaro ya ɗan daɗe a ciki sai ka ga haƙoransa suna haɗuwa. Yana kuma janyewa ya bar fili mai faɗi, sannan ya dawo da sauri ya zagaye duk wanda ya yi nisa. A bakin tekun da ke da masu ceto ana kafa tutoci masu ja da rawaya, tsakaninsu kawai ake shiga ruwa, kuma duk da haka uwa ba ta zama, idonta yana kan yara tun isowa har tashi. Ga kuma abin da idon yaro zai gani na mutane kusan tsirara da kwalaben giya a hannu. Zai tambaye ka a gaban jama'a, kuma dole ka tanadi amsa ta hankali, domin hannu ba ya aiki a nan: Scotland ta haramta dukan yara a 2020, Wales ta bi ta a 2022, a Ingila kuma duk dukan da ya bar shaida a jiki laifi ne, malamai kuma suna lura suna tambaya. Irin wannan fita, idan aka haɗa kuɗin jirgi da na askirim da na wasannin da yara ba za su bari a wuce ba, ba ta wuce a yi ta sau ɗaya ko biyu a hutun gaba ɗaya ga mai albashin ɗalibi. Sauran kwanakin su ne ainihin hutun, su kuwa ba a ɗaukar hotonsu.

Duk da haka akwai hanya, kuma ina alfahari da cewa ni na lalubo ta da ƙafata ba tare da wani ya nuna mini ba. Laburaren unguwa shi ne ya fara cetona. Katinsa kyauta ne, akwai ɓangaren yara inda ba a hana su motsi, kuma kowace shekara ana yin shirin karatun hutu wanda yaro zai karanta littattafai 6 a ba shi lambar yabo da takardar shaida. Manyan gidajen tarihi na ƙasa an mayar da shigarsu kyauta tun 2001. Na Jami'ar Manchester da ke titin Oxford shi ma ba a biyan ko sisi, akwai ƙwarangwal na manyan dabbobin da suka shuɗe, da kwaɗi masu rai kala-kala, da gawarwakin mutanen Misira na dā, kuma da aka sake buɗe shi a 2023 an ware ɗakin salla da wurin cin guzuri, abin da ya sa nake iya yini a can da yara ranar da ake ruwa, ruwa kuwa a garin nan ba ya jin kunyar watan Agusta. A jirgin ƙasa yaron da bai kai shekara 5 ba ba ya biya, daga 5 zuwa 15 rabin kuɗi ne, kuma akwai katin iyali da ke rage wa manya kashi ɗaya cikin uku, yara kuma kashi 60 cikin 100. Ka sayi wannan katin kafin ka yi tunanin mota, domin mota tana zuwa da inshora mai nauyi, kuma doka ta wajabta wa kowane yaro kujerarsa ta musamman har ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135.

Inda muka fi zuwa shi ne Heaton Park a arewacin gari, fili ne da ya haura eka 600, da lilo da tafki da wani ɓangare da aka ajiye dabbobi ana kallo kyauta. A can ne na ga 'yata ta tsaya a bayan shinge tana jiran a matsa mata don ta taɓa akuya, fuskarta cike da murna, ni kuwa da na tashi ina kai wa awakin Inna harawa safe da yamma sai na ji hawaye yana neman zubo mini. A wuraren wasan yara a nan yashi ake sayowa a zuba a cikin katako domin su tona, iyaye kuma suna biyan kuɗi su kai 'ya'yansu gona su tsinki 'ya'yan itace da hannunsu. Turɓayar da kake so ka raba naka da ita, ita ake nema wa yara a nan da kuɗi. Ka kuma shirya wa karnuka, domin kusan kowane fili cike yake da su, wasu ba igiya, kuma yaron da ya taso a ƙauyenmu gudu zai yi, gudun kuma shi ke sa kare ya bi shi.

Akwai abin da ba wanda ya gaya mini kafin in zo, wato tsawon yini. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare, kuma kafin ƙarfe biyar ta fito. Yaro ba zai yarda dare ya yi ba alhali yana ganin haske, sai an sa labule mai kauri, uwa kuma ta jira Isha can cikin dare, ta tashi Asuba ba ta yi wani barcin kirki ba. Gidajen an gina su ne don riƙe ɗumi, ba fanka a sama, shi ya sa a Yulin 2022 da zafi ya haura digiri 40 a karon farko a tarihin ƙasar, mu da muka san zafin Gumel ma mun ji jiki.

Kada kuma ka sa a ranka cewa duk hutu za ku zo gida. Ba a cire yaro daga makaranta a lokacin karatu don tafiya, tarar tun Agustan 2024 fam 80 ce a kan kowane yaro, uba ya biya uwa ta biya, don haka kowa a dogon hutu yake tashi, tikiti kuma a lokacin ya fi tsada. Da Allah ya nufa na kawo nawa, kai shaida ne, ba su nemi kwamfuta ba ko sau ɗaya. Sun bi amalanke, sun ci kasuwar Maigatari ranar Alhamis, sun koyi langa a wajen naka, kuma ranar komawa da kuka aka sa su a mota. Hausar da kuka ji a bakinsu ba a banza ta zo ba, ni na tsaya a kanta, na hana Turanci a cikin ɗaki, na dinga yi musu tatsuniya ko na dawo aiki a gajiye.

Ta fuskar doka kana da damar kawo su, domin tun Janairun 2024 masu digirin bincike da masu tallafin gwamnati ne kawai aka bar wa wannan dama. Amma kuɗin lafiya kaɗai, a farashin da aka sa a Fabrairun 2024, fam 776 ne a shekara a kan kowane mutum, ana kuma biyansa gaba ɗaya kafin a ba da biza, wato ku biyar a shekara uku ya haura fam 11,000 kafin a zo maganar tikiti da haya. Shawarata ita ce ka fara tahowa kai kaɗai, ka nemi gida a ƙasa ba a saman bene ba, kusa da fili da laburare da masallaci, ka kuma san gidajen Hausawan garin da za ka sauka, domin mu mata a nan da karɓa-karɓa muke rayuwa, yau wannan ta kwashi yaran kowa zuwa fili, gobe waccan. Idan ka shirya wannan, sai su biyo ka a farkon shekarar karatu, yadda za su saba da gari kafin dogon hutu ya riske su.

Sannan a duk saƙonka ban ji inda ka ce ka tambayi matarka ba, alhali ita ce za ta ɗauki mafi yawan wannan nauyi. Ka ba ta waya ranar Juma'a bayan La'asar ɗinku, ina so in yi magana da ita mu biyu, ta yi mini duk tambayar da take jin nauyin yi a gabanka. Ka gaishe mini da Inna da Baffa da yaran.