Amsa kan zuwa Fadar Bran, wadda ake ce wa gidan Drakula

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce kuna Bukarest, babban birnin Romaniya, ke da maigida da yara, kina tambaya ko Fadar Bran ta kai a kashe mata kuɗin mota, kuma ko labarin masu shan jini ba zai firgita yaran ba. Na je wurin, kuma shawarata ku je, amma kada Drakula ya zama dalilin tafiyar, don ba za ku same shi ba.

Ginin na tsaro ne, a kan dutse. A 1377 Sarkin Hungari Luwis na Ɗaya ya ba mutanen garin Brashob izinin gina shi domin gadin mashigar da ke tsakanin yankunan Transilbaniya da Walakiya. A nan ake tare fatake su biya kuɗin fito, kamar yadda ake yi da ayari a ƙofofin ganuwar Kano a zamanin da. Shi kuwa Bram Stoker da ya fitar da littafin Drakula, labarin ƙage na wani mai shan jini, a 1897, ko ƙasar Romaniya bai taɓa takawa ba. Vlad Tepes, wanda ake jingina wa sunan, sarki ne na gaske, ya mulki Walakiya daga 1456 zuwa 1462, ya gwabza da Sultan Muhammadul Fatih na Turkawa, kuma an san shi da tsire mutane a kan itace. Amma babu hujjar cewa ya zauna a Bran. Mafakarsa tana wani ginin tsaron daban mai suna Poenari, inda sai an hau matakala 1,480.

Abin da ya kama raina shi ne cikin gidan. A 1920 aka ba Sarauniya Mariya ta Romaniya kyautar fadar, ta mayar da ita gidan zama, kuma har yau ana ganin hannunta. Ɗakuna ƙanana ne masu farin bango, ga murhun ɗumama ɗaki da aka lulluɓe da tayil, daɓen katako yana ƙara duk inda kika taka. Akwai wata matakala ɓoye cikin bango, mutum ɗaya take ɗauka, kafaɗarki na gogar dutse mai sanyi kina hawa. Yara sun fi son ta da komai, sai kuma rijiyar tsakar gida.

Wuri biyu ne zan ce ki kiyaye. Ɗakin kayan azabtarwa tikitinsa daban, kada ku saya. Can sama kuma an ware ɗakuna na dodannin tatsuniyoyin yankin, irin su strigoi, gawar da suke cewa tana tashi da dare. Ƙaramin yaro zai iya kwana da abin a ransa, don haka ku wuce da sauri.

Ku hau jirgin ƙasa daga tashar Gara de Nord ta Bukarest zuwa Brashob, kamar awa uku, sannan bas daga tashar mota ta Autogara 2 zuwa Bran, ƙasa da awa ɗaya. Ku yi sammako, domin da hantsi motocin 'yan yawon buɗe ido suke cika wurin. Ranar Litinin sai tsakar rana ake buɗewa, ƙarshen Oktoba kuwa cunkoson Halowin, bikin shigar dodanni, ba a magana.

Naman alade ya yi yawa a abincinsu, sai ki riƙa cewa "fără porc", wato ban da alade, ko ku tafi da guzuri. Ku ɗauki darduma. Idan da jariri, ki zo da zanin goyo, keken yara ba zai hau matakalun nan ba.