Ƙarambau ta fito wa yarona, in kai shi makaranta?

'Yar uwa kin ce jarabawa ta matso shi ya sa kike son kai shi haka nan, don Allah kar ki kai shi. Ciwon nan ta iska yake yaɗuwa da kuma ruwan ƙurajen, sai sun bushe duka sun yi ɓawo sannan ya koma, yawanci kwana 5 zuwa 7 ne, jarabawa kuwa ai ana iya yi masa daga baya. Ki sanar da malaminsu musamman in akwai malama mai juna biyu. Ki yanke masa farce saboda susa, ki shafa masa kalamin, wato maganin shafawa mai rage ƙaiƙayi, in zazzaɓi ne farasitamol, banda asfirin sam. In numfashinsa ya canza ko ƙurajen suka fara mugunya to asibiti kai tsaye.