Filin Tambaya da Amsa: Makarantar Kuɗi ko ta Gwamnati?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mahaifi ne mai 'ya'ya uku, dukansu suna makarantar gwamnati, kuma abokaina sun matsa mini lamba in cire su in kai su makarantar kuɗi, wai a can ne ake karatu na gaskiya. Shin makarantu masu zaman kansu wata hanya ce ta dabam, ko kuwa abu ɗaya ne aka sauya wa riga? Daga wani mai karanta mujallarku.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya raya zuri'a. Kafin komai, sunan "makarantar kuɗi" ya tattara abubuwan da ba su yi kama da juna ba. Makarantar Eton ta Ingila, wadda aka kafa a 1440 kuma ta yaye firaministoci da dama, mai zaman kanta ce. Haka ita ma makarantar ɗaki uku da ke lungun talakawa a wani birnin Indiya. A ƙasar Holan kuwa, tun 1917 gwamnati take biyan kuɗin makarantu masu zaman kansu daidai da nata, shi ya sa su ne yawancin yaran ƙasar suke zuwa. Saboda haka duk wanda ya ce maka makarantar kuɗi ta fi, ka tambaye shi wacce daga ciki yake nufi.

Hujjar abokanka ita ce sakamakon jarrabawa, kuma a zahiri suna da gaskiya. A gwajin PISA, wanda OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe galibi masu arziki, take yi wa 'yan shekara 15 a ƙasashe da dama tun daga 2000, ɗaliban makarantu masu zaman kansu sukan fi samun maki. Sai dai idan aka kwatanta yaran da suka fito daga gidaje masu hali iri ɗaya, ta fuskar arziki da ilimin iyaye, ratar takan ragu ƙwarai, a ƙasashe da yawa ma ta ɓace. Wannan ba sabon zance ba ne, domin tun a 1966 binciken masanin zamantakewa James Coleman a Amurka ya nuna cewa gidan da yaro ya fito ya fi kayan aikin makaranta tasiri a kan karatunsa. Uban da ya iya biyan kuɗin makaranta galibi shi ne mai duba littattafan ɗansa da dare, kuma makarantar da take yin jarrabawar shiga, ta sallami wanda ya kasa, tilas sakamakonta ya yi kyau ko da koyarwarta ba ta fi ta kowa ba.

Gwajin da ya fi gamsar da ni shi ne wanda aka yi a jihar Andhra Pradesh ta Indiya, aka wallafa sakamakonsa a 2015. An jefa ƙuri'a ne tsakanin yaran karkara, waɗanda ta faɗa wa aka biya musu kuɗin makaranta mai zaman kanta, sauran suka ci gaba da ta gwamnati, ta yadda ba za a ce an tsinci masu ƙwazo ba. Bayan shekara huɗu, sai aka tarar kusan kunnen doki suka yi a lissafi da Telugu, harshen jihar. Amma makarantun kuɗin sun kai ga haka da kimanin kashi ɗaya bisa uku na abin da gwamnati ke kashewa a kan kowane yaro, kuma sun ƙara da koyar da harshen Hindi. Kada mu manta, arahar ta samo asali ne daga ɗan albashin da suke biyan malamansu, abin da masu yabon wannan tsari ba su cika ambata ba.

Ga ƙasa baki ɗaya kuwa, maganar ta fi wuya. Ƙasar Chile ta Kudancin Amurka ta soma bai wa makarantu masu zaman kansu tallafi gwargwadon yawan ɗalibansu a 1981, bisa ra'ayin da masanin tattalin arziki Milton Friedman ya gabatar tun 1955, sai 'ya'yan masu hali suka taru wuri guda, na talakawa wuri guda, har a 2015 aka yi dokar hana makarantun da ke karɓar tallafin cin riba da zaɓen ɗalibai.

To, ina fifikon yake? A ganina yana wajen bin diddigi. Mai makarantar kuɗi ya san cewa idan malami ya yi ta fashin aiki iyaye za su kwashe 'ya'yansu, don haka yakan sa ido, kuma kokenka yakan isa kunnensa da wuri. Wasu kuma suna da abin da ta gwamnati ba ta bayarwa, kamar tarbiyyar addini mai zurfi, ko azuzuwa masu ɗalibai kaɗan, ko kulawa da yaro mai buƙata ta musamman. Wadda ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan, manhajarta da jarrabawarta kuma irin na gwamnati ne, to riga kawai aka sauya, kamar yadda ka faɗa.

Shawarata, Malam, ka ziyarci makarantar da ake yaba maka ba tare da sanarwa ba, a tsakiyar lokacin darasi. Ka tambayi yawan malaman da suka bar aiki bara, da abin da ake yi da yaron da ya faɗi jarrabawa: ana taimaka masa ne ko ana korarsa? Ka yi irin wannan ziyara a makarantar da yaranka suke yanzu, sa'annan ka zaunar da su su karanta maka shafi guda ka ji. Daga nan ka yi lissafin kuɗin yara uku har zuwa shekarar kammalawa, ba na zango ɗaya ba, domin yaron da ake kora gida saboda bashin kuɗin makaranta, ko ake sauya masa makaranta a tsakiyar shekara, yakan yi asarar fiye da abin da aka kai shi nema.