Tambayi Likita: Wace Fiyar Ake Nufi?

Likita, ina da ciwon suga, kuma maƙwabcina ya ce in guji fiya. Gaskiya ne? (Wani magidanci, Bukuru)

Malam, sai mun fara tantance wace fiyar yake nufi, domin sunan nan yana hawa kan 'ya'yan itace biyu da ba su haɗa dangi ba. Akwai fiyarmu ta gida mai ƙaton ƙwallo a tsakiya, wadda ake shafawa a burodi, akwai kuma ta ƙasashen sanyi, 'yar'uwar tuffa mai siririn wuya, wadda ake shigo mana da ita daga wurare irin su Afirka ta Kudu.

A giram 100 na ta gida, sukari bai kai giram 1 ba, sai dai tana da mai kusan giram 15, saboda haka rabin ƙwaya ya ishe ka. Ta waje kuwa tana da sukari kimanin giram 10, amma idan ka wanke ta ka ci da ɓawonta, sukarin yana shiga jini sannu a hankali. Abin da nake hana marasa lafiyata shi ne markaɗe ta a tace, domin amfanin yana tafiya da tukar da aka zubar.

Ɗana mai wata 7 yana fama da taurin bayan gida. Zan iya dafa masa fiya? (Wata uwa, Gwarinpa, Abuja)

Ƙwarai kuwa, Hajiya, amma ta waje. Ki zaɓi wadda wuyanta ya ɗan lotsa idan kin danna da babban yatsa, ki fere ta, ki cire 'ya'yan, ki turara ta kamar minti 10, sannan ki dame ta da cokali. Tana ɗauke da wani nau'in zaƙi da ke jawo ruwa cikin hanji, shi ya sa cokali 2 ko 3 suka wadatar, in ya yi yawa sai zawo. Kada ki sa zuma kafin ya cika shekara. Ta gida ba ta son wuta, ɗaci take yi.

Ina da ciwon ƙoda, an hana ni ayaba. Fiya fa? (Wani dattijo, Jos)

Baba, fiyar gida ta fi ayaba yawan sinadarin fotasiyam da ake tsoro a jikinka, kimanin miligiram 485 a giram 100, alhali ta waje ba ta kai 120 ba. Ka dakata da ta gida har likitanka ya duba gwajin jininka.